Dabinon da Mai Saye Bai Ƙi Ba

Bazarar bana ta daɗe a Agadas. Kullum bayan azahar hadari yakan taru a kan duwatsun arewa, ya yi baƙi har mata su fara kwashe shanya, sa'an nan la'asar na yi iska ta watsa shi, a bar mu da zufa da kallon sama. A irin wannan yammaci ne ƴata Nana, wadda ta samu bak ɗinta, wato takardar kammala sakandare, a bana, ta zo ta tsaya a kaina ina zaune a ƙofar ɗaki, ta miƙo mini portabul, wato wayar hannunta. Jadawalin wata makarantar koyon shari'a ne, an jera makin waɗanda aka ɗauka bara, na jarrabawa daban, na aji daban. Ta ɗora yatsa a kan lambar tsakiya.

"Baba, ban kai ba," ta ce. "Babu amfanin in tura."

Na fi shekara ashirin ina cin abinci da aikin doka, na san sunan kowace lamba ta wannan jadawali da Faransanci, na kuma buɗe baki da niyyar in yi mata bayani irin na ɗan boko. Amma abin da ya zo mini ƙanshin dabino ne da rana ta gasa a kan tabarma, da kukan igiyar rijiya, da muryar Gwaggo Rakiya, yayar mahaifina, wadda har ta koma ga Allah ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Sai na ce wa Nana ta jawo kujera.

Shekara talatin ke nan. Ina ɗan shekara ashirin na fito daga lise, wato babbar sakandare, bayan wata shekarar karatu da ta sha wahala. Yajin aiki ya cinye mana watanni, wasu darussan ba mu ga malaminsu ba sai dab da jarrabawa, kuma ba mu kaɗai abin ya shafa ba, ƙasar ce gaba ɗaya. Na ci bak, amma da ƙyar. Makarantar shari'ar da nake buri tana Yamai, kujerunta ƙidayayyu ne, abu biyu kuma take dubawa: makin bak, da makin aji na shekaru ukun lise. A jikin allon makarantarmu aka liƙa wata takarda mai dusasshiyar tawada, ɗauke da lamba biyu kacal, wato mwayen, matsakaicin makin waɗanda aka ɗauka bara a kowane ɓangare. A makin aji na ɗara lambarsu kaɗan. A makin bak kuwa sun fi ni da ɗaya da rabi cikin ashirin. Na tsaya gaban allon na daɗe, kamar mai kallon ƙofar da aka sa wa kwaɗo.

Dosiye, wato takardun neman shiga, na riga na haɗa shi, da hotuna da takardar haihuwa da komai, kuma ƙarshen wata za a rufe karɓa. Na cusa shi a ƙasan jaka ban gaya wa kowa ba. Har na yi magana da wani direba mai bin hanyar Sigidin zuwa Libiya, ya ce in damina ta wuce zai ba ni wuri a bayan mota. Mahaifina, mai ƙaramin shago a kasuwa, ya ɗauka takarduna sun tafi ina jiran amsa. Ya ce maimakon zaman banza in je ƙauyen Dabaga, can cikin duwatsu, in taya yayarsa girbin dabino. Daga baya na gane cewa tafiyata ta rage hannu ɗaya a akushin gidanmu, domin gero ya yi wuya a garin a wannan shekara.

Gwaggo Rakiya haifaffiyar Agadas ce, ta auri Baba Ilyas, wani Ba'abzine mai lambu a bakin kori, wato rafin yashin nan da ba ya ganin ruwa sai an yi sama a duwatsu. Ƴaƴansu sun girma sun watse, saura su biyu da awaki da raƙumin rijiya. Ita doguwa ce, mai faɗin murya, ba ta iya magana a hankali ko da a gidan makoki. Shi kuwa yakan yini bai yi jimla goma ba. Tun ina ƙarami da ta ji ina cewa shari'a zan karanta ta laƙaba mini Alƙali, kuma ba don girmamawa ba.

Aikin yini yakan fara da sallar asuba. Muna shafa addu'a sai a ɗaura wa raƙumi igiya. Ni ke jansa, in tafi da shi har ƙarshen ƴar hanyar da ƙafafunsa suka sassaƙa, wasaki, gugan nan na fata, ya fito daga rijiya ya zube a cikin kwararon da ke kai ruwa lambu, in juyo da shi, a sake. Baba Ilyas yana can cikin fangali da fartanya, yana buɗe wa ruwa hanya yana toshewa. An ce a shekarar kirki wasakin yakan fito a cike yana ambaliya. Ni a lokacin ban gan shi haka ba. Rabi yake fitowa, ruwan kuma launin kunu, kafin hantsi ya ɗaga sai ka ji yana kartar yashi a ƙasa. Daga nan a kwance raƙumi, Baba Ilyas ya tuɓe riga ya sauka cikin rijiyar yana ƙara mata zurfi, ni ina jawo ƙasar da hannu. Fangalin masara da ke nesa da rijiya aka fara bari, ɗaya bayan ɗaya. Ba a yi shawara a kai ba. Wata safiya dai sai ka ga ya wuce bakin fangali bai buɗe ba, washegari ganyen ya naɗe, kwana uku ya zama abincin awaki.

Da tsakar rana ba a taɓa dutse. Butar da aka manta a fili sai an sa tsumma ake ɗaukarta. Mukan shige ƙarƙashin rumfar kaba mu kwanta ba barci ba, iska tana shigowa kamar daga bakin tanda, harshe ya yi nauyi a baki. Abincin safe fura ce wadda dabino ya fi gero yawa a cikinta, da ɗan gutsuren cuku kamar farce, domin awakin sun ƙafe. Da yamma tuwon tsaki, wani lokaci da miya, wani lokaci da gishiri da barkono. Tsakanin nan in yunwa ta matsa sai a gwaguyi goriba. Ganyen shayi ana dafa shi sau uku, a shanya, gobe a sake neman abin da ya rage a jikinsa.

Gwaggo kuwa kusan kullum da azumi a bakinta, cikin wannan zafi.

"Gwaggo, azumin me kike yi kuma? Yau ba Litinin ba, ba Alhamis ba."

"Ramuwa."

"Ramuwar yaushe?"

"Ta tun kafin a haife ka. Tunda dai yunwar zan ji, gara in ji ta inda za a rubuta mini."

Na yi dariya a lokacin. Na ɗauki shekaru kafin in haɗa wannan azumi da yadda ƙwaryata ba ta taɓa raguwa ba.

Dabinon shekarar ya zo ƙanana, saboda itatuwan sun sha ƙishi. Baba Ilyas ke hawa ya yanko rassan da ke ɗauke da ƴaƴa, ya zuro su da igiya, mu kakkaɓe a kan tabarmi, a bar wa rana. In ya bushe sai a tsince shi kashi uku: na sayarwa, na ci a gida, da na awaki. Mai sayen wani Badamagare ne, Alhaji Mamman, wanda ke zuwa da kamyo, babbar motar kaya, duk shekara ya bi lambunan kwarin.

Wata safiya Gwaggo ta tafi gaisuwar rasuwa, ta bar mini tsintar. Ni kuwa ɗan makaranta, ba na aiki sai da ma'auni. Na tambayi Baba Ilyas wane iri Alhaji ke saye. Ya tona cikin tarin ya daɗe, da ƙyar ya zaƙulo wani mai ɗan jiki, ya ce, "Bara yawanci irin wannan ne." Na ɗora shi a kan dutse a gabana. Duk wanda ya kai shi, na sayarwa. Wanda ya kusa, na gida. Saura na awaki. Na yi aikin da tsanaki, har ina jin daɗin kaina. Kafin Gwaggo ta dawo tarin awaki ya ninka sauran biyun a haɗe, kuma na riga na zuba musu ƙwarya biyu sun cinye.

Ta tsaya da mayafi a hannu.

"Inna lillahi! Alƙali, wa ya yanke wa dabinona hukunci?"

Na nuna mata na kan dutsen, na maimaita abin da mijinta ya faɗa.

"Yawanci ya ce maka. Ka ji ya ce duka?"

"A'a."

"Kuma bara ya ce maka. Yau bara ce?" Ta ɗauki ma'aunin nawa ta jefa wa raƙumi. "Saurara da kyau. A gidan nan ba a ba awaki abin da mai saye bai ƙi ba. Shi ke da ƙi. Kai yaron shagonsa ne, da za ka ƙi masa tun bai zo ba?"

Muka yini muna mayar da abin da na ware, tana yi tana mita, awakin suna kallonmu ta cikin shinge.

Bayan kwana biyu tana neman basillar ɗinkin buhu da na zo da ita daga gari, ta zazzage jakata. Ina dawowa daga rijiya na tarar da ita zaune a rumfa, dosiye a kan cinyarta. Ba ta karatu, amma ta san takardar da ya kamata a ce ta tafi.

"Ubanka ya ce mini takardunka suna Yamai. Yamai ɗin ce cikin jakar nan?"

Na zauna. Na fito da ƴar takardar da na kwafe lambobin, na karanta mata, na ce an fi ni da ɗaya da rabi, don haka turawa ɓata lokaci ne. Na yi maganar da murya irin ta wanda ya san abin da mai sauraronsa bai sani ba. Har yau in na tuna muryar nakan ji kunya.

"Wannan lamba ta wane yaro ce?"

"Ba ta kowa ba ce, Gwaggo. Mwayen ce."

"Yi mini Hausa."

"Ana haɗa makin duk waɗanda aka ɗauka, sai a raba da yawansu."

Ta juya abin a ranta. "Kamar in karɓi furar mutum goma in juye a ƙwarya ɗaya, in dama, in sake raba musu daidai?"

"Haka ne."

"To a cikin goman ai akwai wanda ya kawo mai kauri, akwai wanda ya kawo tsararo. Ashe masu tsararon ma an bar su sun shiga. Su nawa ne?"

"Takardar ba ta faɗa ba."

"Mafi ƙanƙanta a cikinsu, nawa ya samu?"

"Ba ta faɗa ba."

"Waɗanda aka kora fa, ina tasu lambar?"

"Ba a rubuta ba."

"To wannan takarda rabin magana ta yi, kai ka ƙarasa mata sauran da bakinka. Lamba ta biyun fa, da ka yi saurin wucewa?"

Na ce a wannan na ɗan fi su.

"Shi ne ka haɗiye ta? Inda ka faɗi kake ta nuna mini, inda ka tsaya ka rufe da hannu. Ni dai na ji a rediyo ana cewa bana yara sun sha ƙasa ko'ina. An rage kujerun ne?"

"Ban ji an rage ba." Na fara jin zafi. "Gwaggo, makaranta ba kasuwa ba ce. Waɗannan mutane suna da ƙa'ida."

"Alhaji ma yana da ita, a aljihu yake yawo da ita. Bari ya zo." Ta tura dosiyen ƙarƙashin shimfiɗarta, ta ce ba zai koma jakata ba.

Alhaji Mamman ya zo ranar wata Laraba. Ya ajiye kamyonsa a tsallaken kori, ƙarƙashin wata bagaruwa, ya tako yashin da ƙafa, gajere mai tumbi, yana fifita da hularsa. Bayan gaisuwa da shayi ya zura hannu cikin buhun farko, ya ɗebo, ya ɓata fuska.

"Uwar lambu, me zan gani haka? Dabino ne ko kashin awaki?" Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani dabino kamar babban yatsa, mai sheƙi, ya ɗaga shi. "Irin wannan na ɗauka bara. Irinsa mutanena suka sani."

"Alhaji, wannan bawan Allah tun bara kake yawo da shi, bai gaji ba? Ka cinye shi ya huta."

"Wallahi ba zan iya kai wannan Damagaram ba, jifana za a yi da shi."

"To hau gaba. Kwarin na da tsawo. In ka samu inda aka yi musu ruwan da ba a yi mana ba, ka dawo ka gaya mini in koma can."

Ya tafi bai ɗauki ko tiya ɗaya ba. Na shiga damuwa, domin da dabinon nan za a samo geron da zai kai gidan kaka. A ɓoye kuma, Allah Ya yafe mini, na ji wani ɗan daɗi, cewa ga shi ƙa'ida ta yi aikinta kamar yadda na faɗa. Baba Ilyas ya yi kwana uku yana duban hanya. Gwaggo ta yi kwana uku tana ɗinke bakin buhuna kamar an riga an saye.

Ranar Asabar da yamma kamyon ya dawo, bayansa ko rabi bai cika ba. Alhaji ya sake tako yashin, ya zauna a kan tabarma, bai taɓa aljihunsa ba. Ya sa aka kwance buhunan ɗaya bayan ɗaya. Girman dabinon bai ƙara duba shi ba. Yakan latsa da babban yatsa, ya tsaga ya duba cikin, ya sansana, ya jefa a baki. Ƙananan nan busassu da na yanke wa hukunci duk ya karɓe su, yana cewa irinsu ne ke jure hanya. Buhu biyu ya ƙi, kuma su ne masu manyan ƴaƴa, na itacen da ke bakin rijiya, domin suna da danshi, tsutsa ta fara shiga. Gwaggo ta yi musu da shi kaɗan don kada a ce ba ta yi ba, sa'an nan ta juyo ta dube ni. 

Da ya koma wurin kamyonsa, kafin magariba, ta fito da dosiyen ta ajiye a tsakaninmu.

"Ban ce za su ɗauke ka ba. Ni ban san su ba. Ka ga Alhaji ma ya ƙi buhu biyu. Amma shi ya ƙi, bayan ya gani da idonsa." Ta matso da shi gabana. "Kuma in gaya maka gaskiya, ba lambar nan kake tsoro ba. Tsoro kake a liƙa sunaye a allo, abokanka su bi da yatsa har ƙasa su rasa naka. In ba ka tura ba, sai ka yi ta cewa kai ne ba ka so."

Gaskiyarta ce. Lambar ta zame mini inuwa ce na fake a ciki, ita kuwa ta gane tun ranar farko.

Kwana huɗu suka rage wata ya ƙare. Alhaji zai tashi zuwa Agadas gobe da la'asar, jibi da sassafe kuma akwai motar Yamai wadda mahaifina ya san direbanta. In wannan ta wuce, ta gaba ba za ta isa a kan lokaci ba. Na ce zan bi shi.

Washegari da safe muka tsallakar da buhunan a kan raƙumi, aka loda. Na dawo don in taya kwashe abin da ya rage a shanya, tabarma takwas, wanda shi ne na cin gida har shekara ta zagayo. Bayan azahar hadari ya taru a kan duwatsu kamar kullum, ba wanda ya kula. Sai iska ta juyo da wani sanyi, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa wanda hancina ya manta. Raƙumi ya ɗaga kai. Can sama da mu aka fara ihu, lambu yana miƙa wa lambu: "Kori! Kori ya taho!"

Ƙararsa ta riga shi isowa, kamar garken shanu a guje. Sa'an nan ga shi, jajawur, yana turo kumfa da kututture da busasshiyar kaba a gabansa, ya cika yashin da muka taka da safe daga wannan gaɓa zuwa waccan. Mata suka ɗauki guɗa. Wani tsoho maƙwabcinmu ya durƙusa a bakin ruwan yana kuka. Wata uku ana roƙon wannan ruwa, ga shi ya zo, ya kuma tsaya tsakanina da kamyo. A tsallake Alhaji yana danna ƙahon mota ba ƙaƙƙautawa, domin in ya ƙara jinkiri sauran mashigan da ke gaba za su rufe. Ɗigon farko ya faɗo a kan tabarma, babba, mai nauyi.

Dabinon da ke shanya in ruwa ya jiƙa shi tsami yake yi. Na ruga na kama bakin tabarma. Gwaggo ta riƙe mini hannu.

"Sake ta."

"Gwaggo, abincin shekara ne!"

"Na fi ka sanin abincin wa ne. Ilyas! Kawo raƙumin nan."

"In muka tafi mu biyu ke kaɗai za ki kwashe?"

"Da can da ba ka zo ba aljanu ke kwashe mini? Wuce!"

Baba Ilyas ya naɗe dosiyen a cikin jemammiyar fatar akuya, ya ɗaure mini a ka da tsohon rawaninsa. Bai nufi inda kamyon yake ba. Ya ja raƙumin muka gangara har inda korin ya fi faɗi, ya tsaya yana duban ruwan, ni ina ji kamar in yi ihu don gaggawa. Sai da tarkacen da ke kan gaba ya wuce sa'an nan ya gurfanar da raƙumin muka hau. Dabbar ta yi ta gunaguni, ta sa ƙafa, ta ja da baya, ta sake sawa. Ruwan ya kai mata gwiwa, ya kai ciki, ya doki ƙafafuna da wani sanyin da na yi watanni ban ji irinsa ba. Na ji muna karkata.

"Kada ka dubi ruwa," Baba Ilyas ya ce. "Dubi itacen can."

Na kafa wa itacen ido har na ji ƙafar raƙumi ta dafe ƙasa mai tauri. Da na waiwaya, ruwan sama ya sauko sosai, lambun ya zama dishi-dishi. Na hango Gwaggo a duƙe, tana jan tabarma da baya da baya zuwa rumfa, da azumi a bakinta.

"Ɗan boko, ka kusa sa ni kwana a nan!" in ji Alhaji. "Hau, ka shige ƙarƙashin tanti, kuma kada ka ci mini kaya."

Da na isa gida na kwance rawanin a gaban mahaifina. Ya dubi dosiyen, ya dube ni, ya gane komai.  Ya sa takalmi ya tafi gidan direban motar Yamai. Daga baya na ji cewa tabarma biyar Gwaggo ta tsirar, uku suka lalace.

Yau a Dabaga motopom, injin ban ruwa, ke jan ruwa, wasu ma da hasken rana, albasa ta cinye wuraren masara, samarin da a zamaninmu za su nufi Libiya yanzu Cibarakaten suke zuwa haƙar zinariya. Dosiyen Nana ba ya bukatar fatar akuya, da yatsa ake tura shi. Jadawalinta ma ya fi tawa takardar faɗin gaskiya: ya nuna lambar tsakiya, ya nuna ta waɗanda ke ƙasa-ƙasa da ta waɗanda ke sama-sama. Duk da haka a kan ta tsakiyar ta ɗora yatsa, ta mai da ita ƙofa, alhali rabin waɗanda aka ɗauka a ƙarƙashinta suke. Na yi mata tambayoyin Gwaggo ɗaya bayan ɗaya, ta tura, har yanzu ba mu ji amsa ba.

Nakan tambayi kaina ko sa'a ce kawai nake yi wa kirari da sunan hikima. Mutum ba dabino ba ne, makaranta kuma tana iya barin kujera babu kowa, abin da Alhaji ba zai yi da kamyonsa ba. Da shekarar ta zo da albarka ga kowa, wataƙila da ba a dube ni ba. Akwai wani ɗan ajinmu da ya fi ni makin bak nesa ba kusa ba, makin ajinsa ya ja shi baya, ba a ɗauke shi ba, kuma har yau ban san da wane ma'auni aka fifita ni a kansa ba. Amma duk inda na juya maganar nakan dawo wuri ɗaya: ko da an ƙi ni, karatun da Gwaggo ta yi wa takardar nan daidai ne, nawa ne kuskure. Ita ta tambayi abin da lambar ta faɗa da abin da ta yi shiru a kai. Ni da na yi shekara goma sha uku a makaranta ban yi ko ɗaya ba.

A waccan shekara, amsata ta zo bayan damina ta ja baya. An jera sunayen waɗanda aka ɗauka bisa ga maki, daga sama zuwa ƙasa. Na samu motar kayan lambu na tafi Dabaga in kai labari da bakina. Ban gane wurin ba. Ciyawa ta rufe gaɓar kori, awaki sun yi sul-sul, wasaki yana fitowa a cike yana zuba tun kafin ya kai kwararo. Na tarar da Gwaggo tana daka a bakin rumfa.

"Gwaggo, sun ɗauke ni."

Ba ta ajiye taɓarya ba. "Alhamdu lillahi. Kai ne na nawa?"

"Na uku." Na sosa ƙeya. "Daga ƙasa."

Nan ta jingine taɓaryar, ta yi dariya har sai da ta dafa turmi, ta share ido da bakin zane. Sa'an nan ta tsaya tana tunani, kamar yadda takan yi in abu ya shige mata.

"Tsaya. Lambar da za su liƙa wa yaran baɗi, da makinka za a haɗa ta?"

"Da shi za a haɗa."

"Ashe ka jawo musu ita ƙasa."

"Kaɗan dai."

"Madalla. Wani ɗan talaka zai tsaya gaban allo ya ga ta sauko, ya ce shi ma bari ya gwada. Ka fara yi wa mutane aiki tun ba ka zauna a kujerar ba." Ta ɗauki taɓaryarta. "Je ka, Ilyas na rijiya shi kaɗai. Ka gaya masa a hankali, kada murna ta sa shi magana."